Yadda Ake Kimanta Tsohuwar Bindigar Farauta Mai Ɗura wa Kanta Harsashi Kafin a Saya

Tsohuwar bindigar farauta mai ɗura wa kanta harsashi farashi biyu gare ta, kuma yawancin asarar da masu saye ke tafkawa daga rashin bambance su take fitowa. Akwai farashin mai tara kayan tarihi, wanda ya rataya ga yadda bindigar ta zauna kamar ranar da ta bar masana'anta. Akwai kuma farashin maharbi, wanda bai damu da koɗewar rinin ƙarfe ba muddin bututun lafiya lau yake kuma tana tofar da kwanso ba gardama. Mai sayarwa kusan kullum farashin farko yake kira. Aikinka shi ne ka gano wanne cikin biyun bindigar da ke gabanka ta cancanta, ka kuma tabbatar harba ta ba zai cutar da kai ba.

Takarda kafin ƙarfe

Kada ka soma ciniki sai ka san abin da dokar ƙasarka ta ce, kuma lasisin da ake buƙata yana hannunka. A ƙasashe da dama irin wannan bindiga aji daban take da mai baki ɗaya ko mai baki biyu. A Birtaniya, misali, lasisin bindigar farauta na yau da kullum yana rufe ta ne kawai idan rumbunta ba ya ɗaukar fiye da harsashi 2, bututunta kuma bai gaza inci 24 ba. A Amurka bututun da ya gaza inci 18 yana faɗawa ƙarƙashin wata dokar tarayya mai tsauri. Wannan ya shafi kuɗi kai tsaye, domin bindigar da wani ya datse wa baki na iya zama kayan da ba za ka iya riƙewa ko sayarwa ba. Duba lambar jikinta ka gwada da wadda ke takardar mai ita. In ka ga an goge lambar, ko an sake buga ta, ko wurin ya yi kwarmi kamar an bi shi da magagari, ciniki ya ƙare a nan, kome arhar ta.

Wace ce a gabanka?

Da yawa daga cikin tsofaffin bindigogin nan jikokin ƙira ɗaya ce. John Browning, Ba'amurke mai ƙirƙiro bindigogi, ya zana ta a 1898, ya sami rajistar haƙƙin ƙira a 1900. Kamfanin Winchester ya ƙi yarda ya riƙa biyansa kaso a kan kowace bindigar da aka sayar, sai ya nufi Remington, amma shugaban kamfanin ya rasu a farkon 1902 kafin su zauna. Daga nan ya haye teku zuwa kamfanin FN da ke Herstal a Beljiyam, inda aka soma ƙera ta da sunan Auto-5: harsashi huɗu a rumbu, ɗaya a ɗaki, wato gindin bututu inda harsashi ke zama a harba shi. Ana gane ta daga nesa da ƙusumbin bayan akwatinta (ƙarfen tsakiya da ke haɗa bututu da ƙota), wanda ya yanke tsaye maimakon ya sulale zuwa ƙota. An ƙera fiye da miliyan biyu kafin a daina a 1998. A tsakiyar shekarun 1970 aikin ya koma kamfanin Miroku a Japan, shi ya sa tambayar farko da masu saye ke yi ita ce: ta Beljiyam ce ko ta Japan?

Remington ya ƙera irinta bisa lasisi daga 1905 zuwa ƙarshen shekarun 1940 da sunan Model 11, Savage kuma ya fito da Model 720 daga 1930. A ido kamar tagwaye suke da Auto-5, amma farashinsu ƙasa yake, kuma yawancin sassansu ba sa shiga na juna. Hanya mafi sauƙi ta bambancewa ita ce ka duba gefen hagu na akwati. Auto-5 tana da ɗan hannu da ke toshe rumbu don maharbi ya canja harsashin ɗaki shi kaɗai, Model 11 ba ta da shi. Sai dai ka lura, lokacin da Jamus ta mamaye Beljiyam a 1940, Remington ne ya ci gaba da ƙera wa kamfanin Browning bindigar a Amurka har bayan yaƙi, kuma waɗannan suna ɗauke da sunan Browning.

Sauran da za ka iya cin karo da su: Remington 11-48 da Franchi 48 AL ta Italiya, duka masu aiki da irin tsarin Browning, Winchester Model 50 ta 1954, da Remington 1100 ta 1963, wadda ke aiki da hayaƙin albarushi. Akwai guda ɗaya da ta cancanci gargaɗi na musamman, Winchester Model 1911. Saboda haƙƙin ƙirar Browning ya haɗa har da hannun jan sakata, wato ƙarfen da ke tura harsashi ɗaki ya rufe bayansa, sai aka yi ta ba hannu: bututun kansa ake kamawa a tura baya. Mutane sukan kafa gindinta a ƙasa su danna daga sama, baki yana kallon fuskarsu, har Amurkawa suka laƙaba mata sunan da ke nufin mai sa mata takaba. Wanda ya saye ta, ya saye ta don ajiya.

Yadda take aiki, domin a nan lalacewa take

Wanda bai fahimci tsarin dogon shuri ba, ba zai san inda zai duba ba. Idan aka harba Auto-5, bututu da sakata a kulle suke komawa baya tare, kimanin inci uku. A can baya sai a riƙe sakata, babban sifirin da ke naɗe a jikin bututun rumbu ya mayar da bututun bindiga gaba, kwanson da aka harba ya fice. Sannan a saki sakata, wani sifirin da ke ɓoye cikin ƙota ya turo ta, ta ɗauki sabon harsashi daga cokalin da ya ɗago shi ta shigar ɗaki.

Ƙarfe mai nauyin haka yana kai da komo a kowane harbi, dole a sami birki. Birkin shi ne zoben tagulla mai tsaga, wanda wani siririn ƙarfe ya ɗaure, yana zagaye da bututun rumbu, da kuma zoben ƙarfe mai gefe ɗaya a shafe, ɗaya a karkace. Don harsashi mai ƙarfi, jerin daga akwati zuwa gaba shi ne: sifirin, sai zoben ƙarfe da shafaffen gefensa a jikin sifirin, karkataccen yana kallon baki, sai zoben tagulla, sai zoben da ke jikin bututun bindiga. A haka tagullar tana matsuwa daga gaba da baya, ta damƙe bututun rumbu. Don harsashi marar ƙarfi, ana cire zoben ƙarfen a kai shi can jikin akwati, bayan sifirin, karkataccen gefen yana kallon akwati, birki ya sassauta. Wannan bayanin na masu ɗakin inci 2¾ ne. Ƙirar Magnum zobbanta sun fi haka yawa, jerinsu kuma daban.

Bindigogi da yawa sun shekara talatin ana harba musu harsashi mai ƙarfi zobba suna jere a kan marar ƙarfi, wasu ma zoben ya ɓata tun tuni. Sakamakon shi ne bututu da sakata suna dukan bayan akwati da dukan ƙarfinsu, katakon gaba ya tsage, ƙota ta tsage a inda ta haɗu da ƙarfe. Saboda haka yadda ka tarar da zobban yana ba ka labarin rayuwar bindigar fiye da duk abin da mai ita zai faɗa.

Kayan da za ka tafi da su kaɗan ne: ƙaramar tocila, gilashin ƙara girma, tef ɗin awo, sandar goge bututu da tsumma fari, harsasan gwaji marasa albarushi guda uku na gejin bindigar (geji shi ne lambar da ke nuna faɗin cikin bututu), da ma'aunin faɗin baki in kana da shi. Kada ka duba bindiga da dare ko a ɗaki mai duhu. In ta hoto ake cinikin, nemi hoton lambobi, tamburan bututu, kawunan sukurori, cikin katakon gaba da cikin bututu, sannan ka nemi sharaɗin kwanakin dubawa da damar mayarwa.

Buɗewa

Da farko, baki ya kalli inda ba kowa, ka ja sakata baya, ka duba ɗaki da rumbu da ido, ka sa yatsa ka tabbatar ba harsashi. Ko mai ita ya rantse babu kome ciki, ka duba da kanka. Nemi izini kafin ka kwance. Sakata tana kulle a baya, ka ɗan danna bututun ƙasa don rage matsin sifirin, ka warware murfin rumbu, ka zare katakon gaba, sannan bututun. Daga wannan lokaci kada ka kuskura ka danna maɓallin sakin sakata. Idan ba bututu, babu abin da zai tare ta, hannunta zai daki gaban tagar fitar kwanso ya lotsa ƙarfen. Duba wurin: in akwai tabo, wani ya riga ya yi wannan kuskuren.

Bututu

Rabin farashin maharbi a nan yake. Goge cikinsa sau biyu da busasshen tsumma, domin mai yana rufe aibi, kuma bututun da aka jiƙe da mai ranar ciniki abin tuhuma ne. Ɗaga shi ka nufi haske, ka leƙa daga baya, sannan daga gaba, kana juya shi a hankali. Lafiyayyen bututu yana nuna zobban haske da inuwa a jere, kowanne da'ira cikakkiya. Inda da'irar ta karye ko ta yi baƙin zobe, akwai lotsawa ko kumburi. Rufe ido ka bi bayansa da yatsu daga ɗaki zuwa baki. Yatsa yana jin kumburin da ido ya tsallake. Maƙerin bindiga yana iya tayar da ƙaramar lotsawa. Kumburi kuwa alama ce ƙarfen ya miƙe, galibi saboda an harba akwai laka ko wani abu a ciki, ko an harba ƙwayoyin ƙarfe ta matsattsen baki. Irin wannan bututu ka ɗauke shi a matsayin wanda za a sauya, ka cire kuɗin wani daga farashi.

Zanzanar tsatsa ta samo asali ne daga tsofaffin harsasai masu barin gishiri a bututu, da ajiya cikin danshi. Marar zurfi, wadda ta yi kamar hazo, ba ta hana harbi. Mai zurfi, musamman a inci goma na farko bayan ɗaki inda matsin albarushi ya fi yawa, sai maƙeri ya auna kaurin bangon kafin a harba.

Sai awon ɗaki, wanda kuskure a kansa ke da haɗari. Tsawon harsashi da ake rubutawa a kwali tsawon kwanson ne bayan ya buɗe, ba kafin harbi ba. Shi ya sa harsashin milimita 70, wato inci 2¾, yake shiga ɗakin milimita 65 lami lafiya, amma idan aka harba sai bakin kwanson ya buɗe cikin ƙuncin bututu, matsi ya ƙaru, kwanson kuma ya maƙale a taga. Auto-5 masu geji 16 na kafin Yaƙin Duniya na Biyu yawancinsu ɗakin 65 gare su. A bututun Beljiyam na bayan 1924 za ka ga geji da tsawon ɗaki a buge tare, kamar 12-70 ko 16-65. In mai ita ya ce an faɗaɗa ɗakin, ka sani a wannan ƙira faɗaɗa ɗaki kaɗai bai isa ba, sai an gyara taga da abin fitar da kwanso. Haka kuma ba a sa harsashin milimita 76 a ɗakin 70.

Tamburan gwaji na birnin Liyej da ke Beljiyam suna nan kusa: haruffan ELG cikin ƙwai mai kambi, ɗan hasumiyar da ake kira Perron, da zaki a kan haruffan PV, wanda ke nuna an gwada bututun da albarushi marar hayaƙi. Browning yana nuna matsin baki da taurari. Tauraro ɗaya cikakken matsi ne, biyu matsakaici, biyu da ɗan layi sassauƙa, uku kuwa ba matsi sam. Faɗin cikin bututun geji 12 kimanin milimita 18.5 ne, cikakken matsi yana rage kusan milimita ɗaya a baki, matsakaici kimanin rabin milimita. Auna ka gwada da tauraron. Idan tambari ya ce tauraro ɗaya amma baki bai nuna matsi ba, ko an datse bututun, ko an rarake shi. Duba fuskar bakin da gilashi: na masana'anta sumul yake kuma a rine, wanda aka yanke yakan nuna sawun zarto ko farin ƙarfe. Na'urorin canja matsi da aka yi yayin ɗaurawa a baki a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, irin su Poly-Choke da Cutts, suna aiki, amma galibi sai an yanke bututu ake sa su, don haka suna karya farashin mai tarawa sosai.

A kan ƙwayoyin ƙarfe, kamfanin Browning kansa ya hana harba su a bututun Auto-5 na Beljiyam. An yi waɗannan bututu ne don darma, wadda ke lanƙwasa idan ta iso matsi, ƙarfe kuwa ba ya lanƙwasa. Tun 1991 Amurka ta haramta darma wajen harbin agwagin ruwa, ƙasashen Turai da dama ma sun taƙaita ta. Wanda dokar wurinsa ta hana darma, ko dai ya yi amfani da ƙwayoyin bismut masu tsada, ko ya nemi ƙirar Japan mai matsin baki da ake murɗawa a ciki kamar sukuru. Masu tarawa sun fi son ta Beljiyam, amma ga mai niyyar harbi kowane mako, ta Japan ba ta gaza ta a inganci ba, sau da yawa ma ta fi dacewa.

Bututun rumbu da akwati

Zare zobba da sifirin, kana lura da jerin da ka tarar. Bayan bututun rumbu ya kamata ya zama sumul. Kurji mai zurfi ko tsatsa suna cin tagulla, suna sa birki ya riƙa kamawa yau, gobe ya saki. Zoben tagulla da ya sirance ko ya daina damƙa, da sifirin da ya gajarce, ba abin tashin hankali ba ne, ana samun sababbi kuma ba su da tsada. Haska cikin akwati ka duba bangon baya. A Model 11 akwai wani ɗan matashi da aka kafe da ƙusa a can, wanda ke tare sakata. Yakan ruɓe ya farfashe, kuma harbi ba tare da shi ba yana lalata akwati da sakata. Bi ƙarshen tsagar da hannun sakata ke gudu ciki da gilashi, kana neman tsaga siririya kamar gashi. Tsagaggen akwati ba ya gyaruwa ta hanyar da za a amince da ita. Irin wannan bindiga kuɗin sassanta kawai take da shi.

In Remington 1100 ce, abin dubawa ya sauya. Ƙananan ramukan hayaƙi da ke ƙarƙashin bututu su zama a buɗe, zoben robar da ke jikin bututun rumbu kada ya zama ya bushe ko ya tsinke, wurin da fistan ke gudu kuma kada ya yi zanzana. Zoben roba abu ne da ake sauyawa cikin minti ɗaya, amma shi ne ke sa mutane da yawa su ɗauka bindigar ta mutu.

Rini na asali ko na baya

Nan ne ido ke yaudarar sabon mai saye. Bindiga mai shekara saba'in da ke walƙiya baƙi wuluk ba tabo ko ɗaya, tambaya take buƙata. Kafin a sake rina ƙarfe sai an goge shi da injin gogewa, kuma injin yana barin sawu. Sa gilashi a kan rubutun akwati: haruffan asali gefensu kaifi ne, zurfinsu ɗaya, waɗanda aka goge kuwa sukan yi kamar an ja su gefe guda, wasu su dusashe a tsakiya. Kusurwoyin ƙusumbi da ya kamata su yi kaifi sai ka ji sun dulmuye a yatsa. Bakin ramukan sukurori ya yi kwarmi kamar ƙaramin faranti. In ka ga zanzanar tsatsa amma cikinta baƙi ne kamar sauran jiki, an rina a kanta ne. Launin da ya karkata zuwa shunayya shi ma alama ce. Tsufa na gaskiya yana da tsari: rini yana koɗewa a ƙasan akwati inda hannu ke ɗauka, a bakin bututu, da kan kusurwoyi, ya bar lunguna da duhunsu. Wurin mai tarawa, bindigar da ta rage da kashi 80 na rininta na asali ta fi wadda aka sake rinawa tas.

Sukurorin Auto-5 suna da siririyar tsaga, kuma kusa da manyan akwai ƙananan da ke kulle su. Sukuddireba ta gida ba ta zama cikinsu daidai. Kawunan da suka tauné suna nuna wanda bai san aikin ba ya shiga ciki, sai ka ƙara sa ido a kan sauran. A tsofaffin ƙirar FN ana maimaita lambar akwati a bututu da wasu sassa. In ba su dace ba, an sauya wani abu.

Katako

Juya katakon gaba ka haska cikinsa, musamman ƙarshen da ke jingina da akwati, inda ya fi sirantaka. Yawancin tsagewa daga nan take farawa, kuma ana iya ganin gam a ciki ko da waje ya yi kyau. Ɗan murɗa shi a hankali, ɓoyayyiyar tsaga za ta buɗe baki. A ƙota, duba bayan akwati sama da ƙasa. Katakon da ya yi baƙi ya yi laushi a nan, mai ne ya jiƙa shi shekara da shekaru saboda ana jingine bindigar baki sama. Katakon asali yakan ɗan ɗara ƙarfe tudu a mahaɗa. In ƙarfe ne ya fi tudu, an ci katakon da sanfefa. Auna daga kunama zuwa tsakiyar gindi: na masana'anta kimanin inci 14¼ ne. Matashin roba da aka ƙara daga baya yakan nufin an yanke ƙota, farantin gindi na asali kuma ya tafi.

Ga bindigogin Browning na tsakanin 1966 da farkon shekarun 1970 akwai matsalar katakon da aka busar da gishiri. Ta fi shafar wasu ƙirar kamfanin fiye da Auto-5, amma dubawa ba ta da wuya: nemi a warware sukurun farantin gindi ɗaya. In ya fito da tsatsa ja alhali sauran bindigar tsaf take, ko ka ga tsatsa tana bin layin da ƙarfe ya taɓa katako, gishiri ne, kuma ba ya daina ci sai an sauya katakon.

Gwajin aiki

Mayar da komai, ka ɗaure murfin rumbu sosai, domin sakwarkwataccen murfi na cikin abubuwan da ke fasa katakon gaba. Sa harsasan gwaji a rumbu ka ja sakata da hannu, ka ga ko cokali yana ɗago su ɗaya bayan ɗaya kuma farcen sakata yana zaro su. Sa makulli ka ja kunama da ƙarfi: kada ta motsa guduma. Cire makulli ba tare da taɓa kunama ba: kada guduma ta faɗi. Sannan gwaji mafi muhimmanci: ja kunama a kan harsashin gwaji, ka ci gaba da riƙe ta a baya, ka ja sakata ka saki. Guduma ta tsaya a ɗane. Saki kunama a hankali har ka ji ɗan ƙas, ka sake ja, sannan ta faɗi. In guduma ta bi sakata gaba, bindigar na iya tashi sau biyu a ja ɗaya, kuma ba a sa mata harsashi sai maƙeri ya gyara. Tsofaffin Auto-5 makullinsu yana gaban kunama ne, sai a farkon shekarun 1950 aka mayar da shi maɓalli a baya. Wanda hannunsa ya saba da na zamani ya san da wannan.

In an ba ka damar harbi a filin da doka ta yarda, kuma bututun ya tsallake dubawa, harsashi biyar na darma sun isa. Sa guda ɗaya tak a karon farko. Tsinci kwansunan ka duba: kumburin gindi, yagewar gefe, ko hujin da allurar da ke dukan gindin harsashi ta yi ya zarce, duk alamun matsala ne.

Sa farashi

Farashin da ake kira ba shi ne daraja ba. Nemi aƙalla bindigogi uku zuwa biyar da aka riga aka sayar kwanan nan, masu ƙira ɗaya, geji ɗaya, ƙasar ƙira ɗaya, da irin bututu ɗaya. Gidajen gwanjo irin su Rock Island a Amurka da Holts a Ingila suna wallafa sakamakon cinikinsu; ka tuna mai saye yana biyan ladan gwanjo a kan abin da aka buga. Littafin Blue Book of Gun Values yana jera farashi bisa kason rinin asali da ya rage, daga 100 zuwa ƙasa, amma farashin kasuwar Amurka ne, kuma tazarar da ke tsakanin 98 da 90 ta fi yadda sabon shiga ke zato.

Abubuwan da ke ɗaga farashi sanannu ne. Geji 20 da ƙirar Sweet Sixteen, wato Auto-5 mai geji 16 marar nauyi, sun fi geji 12 na gama-gari tsada. Bututu mai tsirin saiti a bisa ya fi marar shi. Zanen sassaƙa na manyan darajoji, akwatin ajiya na asali da takardun masana'anta duk suna ƙarawa. Model 11 da Savage 720 masu tambarin sojan Amurka na Yaƙin Duniya na Biyu suna da masu nema, shi ya sa ake buga tambarin na jabu. Kada ka biya kuɗin tambari sai wanda ya san su ya gani.

Daga matsakaicin abin da ka samo, lissafi iri biyu za ka yi. Abin da ke gyaruwa, kamar sifirin, zobba, matashin Model 11 da wanki, ka tambayi maƙeri kuɗinsa ka cire. Abin da ba ya komawa, wato sabon rini, yankakken bututu, yankakkiyar ƙota, lambobin da ba su dace ba, ba ragi ake nema a kansa ba: yana fitar da bindigar daga ajin masu tarawa gaba ɗaya, sai ka koma ka kwatanta ta da farashin bindigogin harbi. Rubuta iyakar abin da za ka biya kafin ka zauna ciniki. Wajen magana, nuna aibin da yatsa, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da kushe kayan mutum ba. Sau da yawa mai ita gadonta ya yi, bai ma san an taɓa yanke ta ba.

Rasit ya ƙunshi sunan ƙira, geji, lambar jiki, tsawon bututu, kwanan wata da bayanan lasisin ɓangarorin biyu, a kuma bi hanyar canja mallaka da hukuma ta tsara.

Bayan ta zama taka, kai ta wurin maƙeri ya kwance ta gaba ɗaya. A sauya sifirin biyun da zoben tagulla, a duba bututun sifirin da ke cikin ƙota, wanda yakan cika da tsatsa da busasshen mai ba wanda ya sani. Tsofaffin sassan ka zuba su a ƙaramar jaka ka ajiye tare da takardunta. Kada ka goge rini, kada ka sa wa katako sanfefa. Bututun rumbu ɗigon mai ɗaya ko biyu yake so, a shafe shi da tsumma har ya rage ɗan danshi kawai. Mai da yawa yana kashe birki, bushewa ƙarau kuma tana hana kwanso fita. Ranar harbin farko ka jera zobba a kan harsashi mai ƙarfi, ko da marar ƙarfi za ka harba. In ta fitar da kwanso, bar ta a haka. Sai in ta ƙi ne za ka mayar da zoben ƙarfe jikin akwati.